Linzamin Hannun Baba

Shafi na 17

Saura kaɗan ban rubuta wannan shafin ba. Tun da na saka na baya wasu suka yi wa Auta ca, wai maƙaryaciya ce, wai ta raina mahaifinta. Ni kuma in aka yi min yawa sai jikina ya yi sanyi, in yi ta rubutawa ina gogewa. Wata 'yar'uwa ce ta turo min saƙo ta ce hannun nata mahaifin ma haka yake, in daure in ƙarasa. Saboda ita na zauna. Ku karanta tukuna, sannan ku yi wa Auta hukunci.

*

Shugabar makarantar yara ba ta gama fita daga shagon ba Baba ya fara murza tafin hannu.

"Kun dai ji da kunnenku. Bango guda. Kuma da fenti ta ce, ba da wannan injin naku mai tari ba."

Yaya, babban ɗansa kuma mai shagon buga tallan, bai ɗago daga takardun da yake yankawa ba.

Auta ma ba ta ɗago ba. Ta ƙura wa kwamfuta ido kamar yau ta fara ganinta.

"Kai, gidan nan ba a iya taya mutum murna ba. Auta, ba ki ji ba ne? Dabbobin nan da na zana musu a ƙyallen talla, su take so a jikin bangon makarantar. Raƙumin dawa ma cewa ta yi wuyansa ya kai har kusa da rufi."

"Na ji, Baba. Allah ya sanya alheri."

"Amin. Gobe da safe zan fara."

Almakashin Yaya ya tsaya.

"Gobe, Baba?"

"To da yaushe? Sai na tsufa?"

Ya yi dariyarsa shi kaɗai, ya ɗauki kofin shayinsa. Cokalin da ke ciki ya shiga kaɗawa a jikin kofin, ƙar-ƙar-ƙar, har shayi ya ɗan zuba a kan wandonsa. Baba ya share da bayan hannu.

"Rabu da shi. Hannun mai sana'a kamar jaki yake, in ba kaya a bayansa sai iskanci. Da ya ga aiki zai nutsu. Ba ku gani a allon nan ba?"

Yaya ya ajiye almakashi.

"Auta, zo ki riƙe min ƙyallen nan a ciki."

Ta san ba wani ƙyalle. Ta miƙe ta bi shi ɗakin inji. Ya tura ƙofa, ya kunna injin don ƙararsa ta rufe maganarsu.

"To, uwar dabara. Kin ji abin da kika jawo."

"Yaya, don Allah..."

"Ba don Allah. Tun ranar na ce miki ki faɗa masa."

"Kai ma ai ka ji daɗi da ka ga yana cin abinci."



Gaskiya ta faɗa. Duk rayuwar Baba rubutun allunan talla ya yi, da burushi da gwangwanin fenti, har hannunsa ya fara rawa ya ajiye aiki. Ya koma zaman gida, ba magana, ba cin kirki. Auta ce ta lallaɓo shi shagon, ta ɗora masa alƙalamin kwamfuta a hannu, ta ce ya gwada a allon zane. Layin farko da ya ja ya fito kamar sawun tsutsa a laka. Baba ya ajiye alƙalamin ya fita.

Kafin ya dawo ta shiga saitin burushin zane na cikin kwamfutar. Akwai wani ɗan maɓalli da ake ja dama ko hagu, wanda ke shanye rawar hannu kafin layi ya fito. Ita ta raɗa masa suna linzami. Ta ja shi har kusa da ƙarshe. Ta matse tazarar ɗigon burushin don kada layi ya riƙa fitowa kamar an jera duwatsun wuya. Ta rage masa jin nauyin hannu, yadda ko Baba ya danna da ƙarfi ba da niyya ba layin ba zai kumbura ba.

Da Baba ya dawo ta roƙe shi ya sake gwadawa sau ɗaya. Layi ya fito sumul kamar an zuba mai. Ranar har ƙarin abinci ya nema a gida.

"Na ji daɗi, ban musa ba," in ji Yaya. "Amma bango ba shi da linzami. Tsani ma ba shi da shi. Mutumin da kofi ke gagara, shi zai hau sama da gwangwani a hannu ɗaya, burushi a ɗaya? In bai faɗo ba ya ji kunya a gaban yara da iyayensu. Zaɓi wadda kike so."

Auta ta shiga murɗa gefen mayafinta.

"Da na ce ko in riƙa rage linzamin kaɗan-kaɗan. Sai ya ɗauka ciwon ne ya dawo, ya fasa da kansa."

"Wato ki wanke ƙarya da ƙarya."

"To ya zan yi?"

"Baki gare ki."

"Kai ne babba."

"Yanzu na zama babba? Ranar da kika ja abin kin nemi shawarar babba? Kowa ya ɗebo da zafi, bakinsa."

"Yaya, ba zan iya kallon idonsa ba."

"Ke dama idon wa kike iya kallo? Mai kawo aiki ya yi sallama sai ki shige bayan kwamfuta kamar ɓera ya ga mage."

Ta ji ƙwalla ta cika mata ido. Yaya ya gani, ya sassauta murya.

"Shi kenan, kada ki jiƙa min ƙyallen mutane. Bari a tashi daga aiki mu same shi tare. Ni zan fara, ke ki ƙarasa."

Ba su kai tashi daga aiki ba.

"Auta."

Muryar Baba ce daga waje. Ba da ƙarfi ya kira ba, shi ya sa ta san akwai magana.

"Ku zo ku biyun. Ku kashe min wannan injin."

Suka fito. Yana zaune a kujerarta, tabarau a kan karan hanci, alƙalami a hannu. A fuskar kwamfutar akwai dogayen layuka biyu, gefe da gefe. Na hagu miƙaƙƙe, mai lanƙwasa a hankali kamar wuyan raƙumin dawa. Na dama mai kauri, amma duk a kakkarye, kamar haƙoran zarto.

"Na ce bari in fitar da fasalin raƙumin kafin gobe," in ji Baba. "Sai na ga burushin da kika saba ba ni siriri ne, aikin bango kuma mai kauri yake so. Ban so in dame ku ba, na zaɓi wani da kaina."

Auta ta runtse ido. Burushi ɗaya tak ta gyara. Bai taɓa zuwa mata a rai ba cewa wata rana Baba zai kai hannu ga sauran da kansa.

"Na ja da sabon, ga abin da ya fito. Na ce ko gajiya ce. Na koma na da, ga shi sumul. Na sake komawa sabon." Ya nuna da alƙalamin, bakin alƙalamin na rawa. "Hannu ɗaya, burushi biyu. Ni ban yi karatun kwamfuta ba, amma na san burushi. Wa zai min bayani?"

Yaya ya gyara murya. "Baba, dama..."

"Ba kai ba. Kai ko da'ira ba ka iya zanawa ba sai ka kifa kofi. Mai kujerar nake tambaya."

Auta ta durƙusa a gefen teburin.

"Ni ce, Baba."

"Ke ce me?"

"Ni na gyara shi. Akwai wani abu a ciki da ke shanye rawar hannu."

"Tun yaushe?"

"Tun ranar farko."

Baba ya cire tabarau, ya goge da bakin riga, ya mayar. Ya daɗe yana kallon layukan biyu.

"Wato ban warke ba."



"Na je na gaya wa mai shayi na warke. Na gaya wa likita ma, yana ta kallona. Na ce masa ya zo shago ya gani da idonsa." Ya ɗan yi murmushin da bai kai ido ba. "Allah ya rufa asiri bai zo ba."

"Baba, ka yafe min. Na ga ba ka cin abinci ne."

"Sai kika ba ni ƙarya na ci na ƙoshi."

Hawaye suka zubo mata. Ba ta share ba.

Idonta ya kai kan bango, inda tsohuwar sandar aikin Baba ke rataye a ƙusa. Siririyar sanda ce, an ɗaure mata dunƙulen tsumma a kai. Da can yakan dafa kan tsumman a jikin allo, ya ɗora wuyan hannunsa a kan sandar, sannan ya ja layi. Ba ta san lokacin da maganar ta fito mata ba.

"Baba, ai kamar sandarka ne."

"Me?"

"Kai ka ce min duk ƙwarewar mai rubutu sai ya jingina hannunsa da sanda. Ka ce ba abin kunya ba ne. To wannan ma sanda ce, a cikin kwamfuta take kawai. Raƙumin naka ne. Giwar taka ce. Abin ba ya zana komai da kansa. In Yaya ya zauna, ko an ja linzamin har ƙarshe, akuya zai zana ta fito kamar tebur."

"Ni kuma me na yi aka sako ni?" in ji Yaya.

Baba bai yi dariya ba, amma gefen bakinsa ya motsa.

"Ashe kina da baki."

Ta sunkuyar da kai.

"Maganarki da ƙamshin gaskiya. Amma ki saurara. Sandar can ni na sare ta, ni na ɗaure mata tsumma, ni nake ɗaukarta in na ga dama in ajiye in na ga dama. Na san tana hannuna. Wannan kuwa a bayan idona aka ɗaura min. Jinjiri ake yi wa haka, a riƙe shi ta baya yana tafiya, ana tafa masa."

"Ban yi don raini ba."

"Na sani. Da raini ne da ya fi min sauƙi, sai in yi faɗa in huce."

A waje wani mai babur ya wuce yana ta danna ƙaho.

Baba ya matsa da kujera gefe.

"Tashi ki nuna min shi. Linzami kika ce?"

"Ni na sa masa sunan."

"Kin iya suna. Nuna min."

Ta miƙe, ta share fuska, ta buɗe saitin. Ta nuna masa ɗan maɓallin.

"In aka ja shi nan dama, layin yakan ɗan tsaya, ya bari hannu ya yi gaba, sannan ya biyo ta hanyar da ta fi santsi."

"Shi ya sa nake ganin layin na bina a baya kamar akuyar da aka ja da igiya. Na tambaye ki, kika ce kwamfutar ce ta tsufa."

"Na ce haka."

"Wannan na ƙasan fa?"

"Tazara ce. Burushin kwamfuta ɗigo-ɗigo yake ajiyewa. In an matse su sai su haɗe su zama layi ɗaya. Wannan kuma na nauyin hannu ne, in ka danna layi ya yi kauri, in ka sassauta ya sirance. Shi ma na rage maka."

"Wato ba abin da kika bar min."

"Na bar maka ido, Baba."

Ya kalle ta ta saman tabarau. Ya kai hannu da kansa, da ƙyar ya kama maɓallin, ya ja shi hagu har ƙarshe. Ya ja layi. Ya fito a kakkarye. Ya sake ja. Haka. Ya riƙe wuyan hannunsa da ɗaya hannun ya sake ja. Ya ɗan fi, amma ba na nuna wa mutane ba ne.

Ya ajiye alƙalamin a hankali.

"Ke in kina naki aikin, ina kike kai linzamin?"

"Ba na sawa."

"Ko kaɗan?"

"Yana rage min sauri."

Ya turo mata alƙalamin.

"Ja min wuyan raƙumi."

"Baba..."

"Ja."

Ta karɓa. A tsaye take, ko zama ba ta yi ba. Ta ɗora alƙalamin daga ƙasa, ta tafi da shi sama a numfashi ɗaya, ta lanƙwasa a wajen kai, ta sauko. Layin ya fara da kauri a ƙirji, ya sirance a wuya, bai yi ko gargada ba.

Baba ya matso da fuskarsa har tabarau ya kusa taɓa gilashin. Ya bi layin da ido daga ƙasa zuwa sama. Sannan ya kalli hannunta, ba fuskarta ba.

"Wa ya koya miki sakin numfashi a kan lanƙwasa?"

"Ba kowa. Ina ganinka kana yi ina ƙarama."

"Hm."

Abin da ya ce ke nan.

Yaya ya ga kamar ƙura ta lafa, ya matso.

"Baba, ga shawara. Mu buga dabbobin a takarda mai manne, manya-manya, in je in liƙa musu a bangon. Zanenka ne dai. Ni zan kira Malamar in yi mata bayani."

"Ka ce mata me? Tsohon ya yi cika baki?"

"A'a, sai in ce..."

"Matar nan fenti ta ce. Ta ce takarda yara ɓare ta suke yi. Na kuma ba ta magana."

"To amma tsanin fa?"

Baba ya miƙe, ya ɗauki hularsa.

"Ku rufe shago in kun gama. Na yi gaba."

A gida bai ɗaga maganar ba. Da Mama ta kawo abincin yamma ya ci kaɗan, ya ce ya ƙoshi, ya shige ɗaki. Auta ta bi Mama madafa ta faɗa mata komai tana wanke kwanuka.

Mama ba ta ko juyo ba.

"Ni da nake wanke rigunan da yake zubar wa shayi, ni za a gaya wa bai warke ba? Na dai ga yana dariya na ja bakina."

"Mama, ki hana shi hawa tsanin nan."

"Tun kafin a haife ki nake hana ubanki abu. Ki tambaye shi sau nawa ya hanu."

Washegari Auta ta fito da sassafe ta ga babu takalman Baba a bakin ƙofa.

"Ya fita tun ɗazu," in ji Mama. "Ko shayi bai tsaya sha ba."

Ta zari mayafi ta nufi shago. Ƙofar a rufe, amma da ta buɗe ta san ya zo. Lungun da tsani ke jingine wayam. Gwangwanayen fenti babu. Jakar burusansa babu.

Sandar kaɗai ke rataye a ƙusarta.

Ta tsaya tana kallonta. Baba bai taɓa fita aikin fenti ba tare da sandar nan ba, ko lokacin da hannunsa ke da lafiya. Ta kira Yaya, wayarsa na ta ƙara bai ɗauka ba. Ta sauke sandar, ta ja ƙofa, ta kama hanya, rabi tafiya rabi gudu.

Tun daga ƙofar makarantar ta hango yara sun yi da'ira a gindin bango. Ta hango tsanin a tsaye, babu kowa a kansa.

Ta kutsa cikin yaran.

Baba na zaune a kan wani benci, lafiyarsa ƙalau, yana juya fenti ruwan ɗorawa da ɗan itace. Ya riga ya fitar da ƙafafun raƙumin da alli daga ƙasa, iya inda hannunsa ya kai. Layin allin duk a kakkarye, amma fasalin na nan daram.

Ya ɗago ya kalli sandar a hannunta.

"Kin makara. Na ce in yarinyar nan 'yata ce za ta ga abin da na bari."

"Baba, don Allah kada ka hau."

"Wa ya ce miki zan hau?"

Ya zaro burushi mai faɗi daga jaka, ya miƙa mata ta wajen mariƙin.

Ta ja da baya. "Ni? Ban taɓa riƙe na fenti ba."

"Ni ma ban taɓa riƙe na kwamfuta ba kika ɗora min. Ki dafa sandar a bango, ki ɗora hannunki. In kin ɗebo fenti ki sharce gefe ɗaya a bakin gwangwani. Nan ba a gogewa a sake, don haka kada ki yi sauri. Ni zan riƙe tsanin, in faɗa miki inda za ki tsaya. Yau ni ne linzamin, kuma ga ni a gaban idonki."

Yaran duk suka juyo suna kallonta. Wata 'yar ƙarama mai wushirya ta ce, "Anti, ke za ki yi mana raƙumin?"

Sai ga ƙarar takalmi a bayansu. Shugabar makarantar ce, da tarin makullai a hannu. Ta kalli Baba, ta kalli Auta, ta kalli burushin.

"Baba, ya haka? Ai da kai muka yi magana, ba da ita ba."

Baba ya miƙe. Ya kama tsanin da hannu biyu, tsanin ya ɗan kaɗa a jikin bango, sai ya sa ƙafa ya danne matakin ƙasa, ya jingina ƙirjinsa har ya tsaya cak.

"Malama, ki ba mu wuyan raƙumin nan kawai. In bai yi miki ba, da hannuna zan shafe shi, in nemo miki wani mai fentin."

Shugabar ta harɗe hannu a ƙirji ta tsaya.

Baba bai sake kallonta ba.

"Auta. Hau."

Auta ta kalli saman bangon. Ta ji hannunta na dama ya fara rawa, irin rawar da bai taɓa yi mata ba.

Ta cire takalmanta. Ta ɗaure mayafinta a ƙugu. Ta karɓi burushin, ta ɗora ƙafa a kan tsanin.